Wane Sifaniyanci Za Ka Koya, Kuma A Wane Gari?

Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma waɗanda suka tashi da shi a baki sun kai kusan miliyan 500. Cikinsu, mutanen Sifaniya kanta ba su kai ɗaya bisa goma ba, alhali Meksiko kaɗai ta kwashe kusan kwata. Wannan lissafi ya isa ya sa mai shirin tafiya karatu ya tsaya ya yi nazari, domin yawancin mutane da sun ji Sifaniyanci sai hankalinsu ya tafi Madrid ko Barcelona, ko da kuwa abokan hulɗar da suke nema suna Bogota ko Houston.

Kafin komai, a kwantar da hankali kan abu guda. Duk karin da ka koya, za a gane ka ko'ina. Rubutu ɗaya ne, nahawun asali ɗaya ne, kuma ɗan Ajantina da ɗan Madrid suna hira ba tare da tafinta ba, kamar yadda Bakano da Basakkwace suke cin kasuwa tare kowa da irin Hausarsa. Inda karin harshe yake yin tasiri sosai shi ne a kunne, musamman watanni uku zuwa shida na farko. Akwai garuruwan da abin da ka gani a littafi shi za ka ji a titi, akwai kuma waɗanda rabin haruffan kalma suke ɓacewa kafin su iso kunnenka. Maganar da ake yawan yi cewa wani gari shi ke da "tsantsar" Sifaniyanci ba ta da tushe a ilimin harshe. Talla ce ta makarantu. Abin da yake gaskiya shi ne wasu karin sun fi wasu kusa da rubutu, kuma hakan yana sauƙaƙa wa mai fara koyo.

Abubuwan da suke rarrabe kare-karen

Na farko kuma mafi nauyi shi ne harafin *s* a ƙarshen gaɓa. A arewaci da tsakiyar Sifaniya, da tsakiyar Meksiko, da Gwatemala, da tsaunukan Andes, ana furta shi sarai. A Andalus, da tsibiran Canarias, da Karibiyan, da gaɓar tekun Kolombiya da Benezuwela, da Chile, yana komawa huci kamar *h*, ko ya faɗi gaba ɗaya. *¿Cómo estás?* sai ta zama *¿cómo ehtá?*, *más o menos* ta zama *má o meno*. Dalilin da ya sa wannan ya fi komai wahalar da sabon ɗalibi shi ne *s* ɗin nan aikin nahawu yake yi. Shi ke raba tilo da jam'i, *la casa* da *las casas*, shi ke raba "yana magana" da "kana magana", *habla* da *hablas*. Ɗan gari yana cike gurbin daga ma'anar zance ba tare da ya sani ba. Kai da ba ka riƙe tsarin aikatau ba tukuna, an ɗauke maka madogara.

Na biyu, *z* da kuma *c* gaban *e* ko *i*. A yawancin Sifaniya ana furta su kamar ث ta Larabci, don haka *casa* da *caza*, gida da farauta, ba su zama ɗaya. A duk Latin Amurka da Canarias da wani ɓangare na Andalus, *s* ce zalla. Wanda ya yi allo bai da matsala da wannan sauti, kuma riƙe shi yana taimakawa wajen rubutu, domin kunne yana gaya maka inda za ka sa *z*. Rashin sa kuwa ba kuskure ba ne ko a ɗakin jarrabawa.

Na uku, yadda ake cewa "kai" da "ku". Sifaniya tana da *vosotros* don jam'in sabo, da nasa sigogin aikatau: *habláis, tenéis, venid*. Latin Amurka ba ta amfani da shi, *ustedes* ne ga kowa. A Ajantina, Urugwai, Faragwai, yawancin Amurka ta Tsakiya, da Medellín da Cali a Kolombiya, ana amfani da *vos* a maimakon *tú* ko tare da shi: *vos tenés, vos sos, vení*. Sauran bambance-bambancen, wato *ll* da *y*, da *j* mai kaushi kamar خ a Madrid mai laushi kamar *h* a Habana, da faɗuwar *d* a *cansado* ta zama *cansao*, kunne yana saba musu cikin makonni.

Bahaushe yana shigowa da wasu ribobi. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, irin namu. *Ch* ɗinsu ita ce *c* ɗinmu. Bambancin *r* mai bugu ɗaya da mai kaɗawa, *pero* da *perro*, wanda ke ba Turawan Ingila wuya, bakinmu ya riga ya san kaɗa harshe. *B* da *v* kuma sauti ɗaya ne a wurinsu. Inda ake tuntuɓe shi ne *p* da *f*: *puente* gada ce, *fuente* maɓuɓɓuga, *pila* batir, *fila* layi, kuma babu karin da zai yafe maka haɗa su. Sai cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, *plato* ta koma kamar *filato*. Sai wurin danna murya a kalma: *hablo* "ina magana", *habló* "ya yi magana". Waɗannan ukun malami mai sauraronka kai kaɗai ya fi saurin gyara su fiye da aji mai mutum goma sha biyu, kuma wannan yana da tasiri a zaɓin gari.

Sifaniya: ƙasa ɗaya, kunne iri-iri

Salamanca ita ce zaɓin da aka fi sani, kuma ta cancanci sunanta. Jami'arta ta samo asali tun 1218, tana koyar da baƙi Sifaniyanci tun 1929, kuma tana da hannu wajen shirya DELE, jarrabawar shaidar iya Sifaniyanci, tare da Instituto Cervantes, cibiyar gwamnatin Sifaniya mai yaɗa harshen a duniya. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai 150,000 ba, ana zaga shi da ƙafa, haya ta fi ta Madrid sauƙi nesa ba kusa ba. Furucinsu a bayyane yake: *s* tana nan, *z* tana nan, kalma ba ta cinye 'yar'uwarta. Aibinta biyu ne. Sanyin hunturu yana sauka ƙasa da sifiri da dare, kuma sunan da ta yi ya tara ɗalibai baƙi da yawa, har mutum zai iya yin wata shida yana Turanci da abokan ajinsa daga tashi makaranta zuwa barci. Valladolid, León da Burgos suna da kari mai kama da wannan tare da ƙarancin baƙi. Sai dai a san cewa a wannan yanki da Madrid ana jin *la dije* a inda ƙa'ida ta ce *le dije*, kuma mai gyaran jarrabawa zai ja masa jan biro. Ke nan ko gidan "tsantsar" yana da nasa ɓaraka.

Madrid tana da saurin magana da tsada, amma ga wanda ya riga ya kai matakin B1 (matsakaici, a ma'aunin iya harshe da ke tashi daga A1 zuwa C2) kuma yana neman shiga jami'a ko horon aiki, babu kamarta. Akwai babban masallacin da ake kira na M-30, wanda aka buɗe a 1992, da mahauta na halal a unguwanni irin su Lavapiés da Tetuán.

Barcelona ce inda aka fi yin kuskuren lissafi. Kowa a can yana jin Sifaniyanci, amma allunan titi, da sanarwar hukuma, da darussa da dama na digirin farko a jami'o'in gwamnati, da Katalanci ake yinsu, kuma harshe ne daban mai zaman kansa. Ga masu yawon buɗe ido da suka cika tsakiyar gari, inda mai shago da ya ji ka yi gargada sai ya juya Turanci. Sa'o'in da kake jin Sifaniyanci a rana sun ragu, kuɗin ɗaki kuma yana cikin mafi tsada a ƙasar. Valencia tana da harshenta ita ma, amma a cikin birni Sifaniyanci ya fi rinjaye, kuma furucinsu mai sauƙin kamawa ne. Ga mai gudun sanyin Salamanca, Valencia ko Alicante madadi ne mai kyau.

Andalus ce take jan zuciyar Musulmi da yawa, kuma da dalili. Granada tana da Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, da masallacin unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, da shagunan shayi da abincin halal a layin Calderería Nueva, da rayuwa mai rahusa, da Centro de Lenguas Modernas na jami'arta wanda yake cikin cibiyoyin koyar da baƙi mafi girma a ƙasar. A aji za a koya maka daidaitaccen harshe. Da ka fita kuwa, mai sayar da kifi zai ce *pescao*, garin kansa *Graná* ne, kuma jam'i ba da *s* ake nuna shi ba, da buɗe wasalin ƙarshe ne, bambancin da sabon kunne ba ya kamawa sam. A Cádiz da ƙauyukan Málaga da Huelva akwai masu mai da kowace *s* ta zama ث. Hukunci a nan ya danganta da tsawon zama. Wata biyu kacal kuma daga sifiri, Granada za ta sa ka ji kamar ba ka ci gaba, domin abin da ka koya da safe ba ka jin sa da yamma. Wata tara ko shekara kuwa, ribar tana da girma: wanda kunnensa ya ƙware a Andalus ba ya shan wuya a Kyuba ko Chile, alhali wanda ya tashi a Salamanca sai ya sake zama ɗalibi.

Meksiko da Gwatemala

Sifaniyancin tsakiyar Meksiko shi ne wanda ya fi yawo a duniya. Fina-finan da ake juya wa murya don Latin Amurka sun fi jingina gare shi, kuma yawancin mutum sama da miliyan 40 da ke magana da harshen a gidajensu a Amurka asalin Meksiko ne. Baƙaƙe suna fita da ƙarfi, *s* ba ta faɗuwa, wasali mara nauyi ne yake raguwa, shi ya sa *pues* takan zama kamar *ps*. Babu *vosotros*, babu *vos* sai a Chiapas can kudu, don haka jadawalin aikatau ya fi gajarta. Jami'ar ƙasa ta UNAM tana da cibiyar koyar da baƙi ta CEPE a birnin Meksiko da reshe a Taxco, tushenta tun 1921. Oaxaca, Guanajuato, Puebla da Querétaro sun fi babban birnin natsuwa da sauƙin kuɗi. Mérida gari ne mai kwanciyar hankali, amma karin Yucatán yana da tasirin harshen Maya, da tsayawar murya da ba a ji a wani wuri. Wahalar Meksiko ba a furuci take ba, a kalmomin titi take, da ladabin da ke zagaye magana: *ahorita* tana iya nufin yanzu-yanzu, ko an jima, ko ba za a yi ba.

Gwatemala daban take da kowa saboda tsarin koyarwarta. A Antigua, da Quetzaltenango da ake kira Xela, da garuruwan bakin tafkin Atitlán, abin da aka saba shi ne malami ɗaya ɗalibi ɗaya, awa huɗu ko biyar a rana, kwana biyar a mako, tare da masauki a gidan iyali da abinci sau uku ban da Lahadi, kuma duka a kuɗin da sau da yawa bai wuce na ajin haɗaka a Turai ba. Mutanen suna magana a hankali, wani ɓangare saboda da yawansu Sifaniyanci harshe na biyu ne gare su bayan harsunan Maya. Idan batun gyaran *p* da *f* da buɗe baki ne, awa ashirin ta gaba da gaba ta fi awa sittin a cikin taro. Antigua ta cika da baƙi, Xela ta fi tilasta maka magana. Rauninta shi ne ingancin malamai yana hawa yana sauka, domin ba kowa ne ya yi horon koyarwa ba, kuma shaidar makarantun ba ta da nauyi a wajen jami'a. Ƙasar ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya, don haka biza ce babban shinge.

Kolombiya da tsaunukan Andes

Ana yawan yaba wa Bogota da tsabtar lafazi, kuma game da kusanci da rubutu yabon ya dace. Ana furta gaɓoɓi daki-daki, *j* mai laushi ce, kuma birnin gidan Instituto Caro y Cuervo ne, cibiyar nazarin harshe da aka kafa a 1942. Abin da ke rikitar da baƙo shi ne *usted*, wanda littafi ya ce na girmamawa ne, amma a can uwa takan faɗa wa ɗanta, aboki ga aboki. Idan ka ji mutum a kanti ya ce *¿me regala un tinto?* ba kyauta yake roƙo ba, kuma ba giya yake nema ba; kofin baƙin kofi yake saya cikin ladabi. A Sifaniya kuwa *tinto* jan giya ne, kuma wannan bambanci ya kamata Musulmi ya riƙe shi da kyau. Medellín tana da rausayar murya mai daɗin ji, da *vos*, da yanayi mai matsakaicin ɗumi a tudun kusan mita 1,500, kuma jami'ar EAFIT tana da shirin koyar da baƙi. Cartagena da Barranquilla ƙasa ɗaya ce da Bogota amma kunne daban: karin Karibiyan ne, *s* ta tafi, baƙi yana haɗiye na gabansa, *verde* ta zama *vedde*. Wanda ya biya kuɗi don "Sifaniyancin Kolombiya" ya sauka Cartagena bai sayi abin da ya yi zato ba.

Quito da Cuenca a Ekwado, Arequipa da Cusco a Peru, Sucre a Bolibiya, duk suna da magana a natse, *s* cikakkiya, da darussan mutum ɗaya masu rahusa. Ekwado tana amfani da dalar Amurka tun 2000, wanda ke sauƙaƙa lissafi. Za ka ji *rr* ta koma wani sauti mai kama da *zh* a bakin wasu, da kalmomin Quechua, harshen 'yan asalin yankin, a kasuwa, amma ba su hana fahimta.

Akwai gargaɗin da makarantu ba sa rubutawa a tallarsu, kuma ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan garuruwa masu sauƙin kari kusan duk a kan tudu suke: birnin Meksiko mita 2,240 sama da teku, Xela sama da 2,300, Bogota kusan 2,600, Quito 2,850, Cusco kusan 3,400. Iskar numfashi tana raguwa a irin wannan tsayi. Ga mai sikila haɗari ne na gaske, kuma ko mai AS da bai taɓa ciwo ba, likitoci sun san yana iya samun toshewar jini a saifa idan ya hau tudu mai tsayi da sauri, musamman da motsa jiki da ƙarancin ruwa. Duk wanda bai san rukunin jininsa na genotype ba ya gwada kafin ya zaɓi gari, mai S a jininsa kuma ya zauna da likita, ya kuma duba garuruwan da ba su da tsayi sosai irin su Valencia, Lima ko Buenos Aires.

Ajantina, Chile da Karibiyan

Karin Buenos Aires da Montevideo ba ya ɓuya. *Ll* da *y* suna fita kamar *sh* ɗinmu, *yo* ta zama *sho*, *calle* ta zama *cashe*, muryar tana hawa da sauka irin ta Italiyawa saboda ɗimbin 'yan Italiya da suka yi ƙaura can daga ƙarshen ƙarni na 19, ga kalmomin titi da ake kira *lunfardo* irin su *laburo* aiki, *bondi* bas, *pibe* yaro. *Vos* a can ba maganar titi ba ce, shi ne ƙa'ida a jarida da talla da aji. Ba shi da wahala, ma sigoginsa sun fi na *tú* bin tsari, sai dai littattafai da manhajojin waya yawanci *tú* suke koyarwa, don haka za ka riƙe biyu. Wanda yake nufin karatu a Jami'ar Buenos Aires, wadda ke neman shaidar iya Sifaniyanci daga baƙin da ba harshensu ba ne, a can ya kamata ya koya. Shekarar karatu tana farawa a Maris, hunturu yana faɗowa Yuni zuwa Agusta, kuma hauhawar farashi a ƙasar tana sa kasafin bara ya zama tsohon labari. Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad a unguwar Palermo, wadda aka buɗe a 2000, tana cikin manyan masallatan nahiyar.

Chile ba wurin mai farawa ba ne. Sauri, faɗuwar *s* da *d*, da sigar aikatau tasu ta kansu irin *¿cachái?* da *¿cómo estái?* suna ba ko 'yan Meksiko aiki. Sai wanda jami'a ko aiki ya kai shi.

Kyuba, Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico haka suke ga sabon kunne. Bayan *s*, akwai musayar *r* da *l* a ƙarshen gaɓa, *amor* ta zama *amol*, da tsarin tambaya irin *¿qué tú quieres?* Amma ɗaliban Afirka da dama a Kyuba suka koyi harshen, ta hanyar gurbin karatun likita a makarantar ELAM da aka kafa a 1999 da sauran jami'o'in ƙasar, inda ake fara da zangon share fage na harshe. Wanda ya samu irin wannan gurbi kada karin ya tsorata shi. Shekara shida a asibiti tana gyara kowane kunne.

Maƙwabciyarmu

Ikwatoriyal Gini ce kaɗai ƙasar Afirka mai cikakken 'yanci da Sifaniyanci yake harshen hukuma, tana maƙwabtaka da Kamaru, tana amfani da sefa, kuma Malabo tafiyar ɗan lokaci ce a jirgi daga Duwala ko Legas. Furucinsu yana riƙe *s*, yana raba gaɓoɓi sarai, ana jin *vosotros*, amma da yawa ba sa raba *r* da *rr*. Ga ɗan kasuwar da hulɗarsa can take, ya je can. Ga mai neman makaranta mai tsari kuwa, ƙasar ba ta gina harkar koyar da baƙi ba, rayuwa tana da tsada, kuma harshen Pichi, wanda ya yi kama da Burokan na Najeriya, yana ba ka hanyar guje wa Sifaniyanci a kasuwar Malabo. Wanda biza ta hana shi Turai ya duba cibiyoyin Instituto Cervantes a Dakar, Alkahira, ko Maroko, inda suke a Rabat, Casablanca, Fas, Marrakesh, Tanja da Tetuan. Aji mai inganci ne, sai dai titi ba zai taya ka ba.

Biza, awoyi da takardar shaida

Sau da yawa fasfo ne yake yanke hukunci kafin kunne. A Sifaniya, kwas da bai wuce kwana 90 ba yana shiga bizar Schengen ta gajeren zama. Abin da ya wuce haka yana buƙatar bizar karatu, da takardar karɓa daga makarantar da Instituto Cervantes ta tantance ko jami'a, yawanci awa 20 a mako, da inshorar lafiya, da shaidar kuɗin zama na aƙalla yuro 600 a kowane wata bisa IPREM, ma'aunin kuɗin shiga na gwamnatin Sifaniya, wanda ya kamata a sake dubawa lokacin nema. Zaman da ya haura wata shida yana ƙara takardar 'yan sanda da ta likita. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Apostille ta tantance takardu tsakanin ƙasashe, don haka takardu sai sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja sannan ofishin jakadanci, a kuma fassara su ta hannun mai fassara da Sifaniya ta amince da shi. A ba wannan wata biyu zuwa uku. Dokar baƙi da ta fara aiki a Mayun 2025 ta ƙara tsaurara wa masu kwas ɗin harshe, saboda haka kada a gina kasafi a kan fatan yin aiki. Meksiko da Ajantina da Kyuba suna da ofisoshin jakadanci a Abuja, Kolombiya tana da nata a Accra. Meksiko tana barin mai ingantacciyar bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko Schengen ya shiga ba tare da tata ba. Masu fasfon Najeriya da Gana kuma suna buƙatar bizar ratse ko da canjin jirgi kawai za su yi a filin jirgin Schengen, shi ya sa hanyar Istanbul ko Addis Ababa ta fi sauƙi zuwa Latin Amurka.

Game da lokaci, cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji ga mai jin Turanci kafin ya iya aiki da harshen. A awa 20 a mako, wata bakwai zuwa tara ke nan. Mai Faransanci daga Nijar, Kamaru ko Cadi zai fi sauri sosai, domin nahawun da kalmomin dangi ne. Duk makarantar da ta yi alkawarin ƙwarewa a mako takwas, ka rufe shafinta. Dabara mafi riba ita ce ka gama A1 da A2 a gida ta intanet da malami daga ƙasar da kake nufi, ka kashe kuɗin tafiya a kan B1 da B2, matakin da zama cikin mutane yake ba da abin da waya ba za ta ba ka ba.

Shaidar halartar makaranta ba ita ce shaidar iya harshe ba. DELE tana da matakai daga A1 zuwa C2, ba ta ƙarewa, amma sakamako yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Ɗaya jarrabawar, SIELE, wadda Cervantes da jami'o'in UNAM, Salamanca da Buenos Aires suka haɗu a kanta, a kwamfuta ake yi, sakamako yana fita cikin mako uku, tana aiki shekara biyar, kuma da gangan take haɗa muryoyin ƙasashe daban-daban a sashen sauraro. Dukansu suna karɓar kowane kari muddin ka tsaya a kansa. Abin da ke rage daraja shi ne gauraye, ka ce *vosotros* a jimla ɗaya *vos* a ta gaba.

Idan aka haɗa waɗannan, ga yadda zaɓin yake faɗuwa. Mai farawa daga sifiri da wata uku: Salamanca, Valladolid ko Valencia idan Turai ce manufa, Oaxaca, Xela ko Cuenca idan Latin Amurka ce kuma jini ya yarda da tudu. Mai shekara guda da son sauƙin ibada da abinci: Granada. Mai hulɗa da Amurka: Meksiko. Mai gurbin jami'a: garin jami'ar, ko yaya karinsa yake.

Kafin ka biya ko sisi, ka saurari rediyon garin da kake nufi na minti goma, shirin da mutane ke bugo waya, ba labaran ƙasa ba, domin masu karanta labarai ko'ina daidaitaccen harshe suke yi. Ka rubuta wa makarantar ka tambayi minti nawa ne "awa" ɗaya a wurinsu, don wasu 45 ne wasu 55. Ka tambayi iyakar yawan ɗalibai a aji, da nawa za su mayar maka idan an hana biza, a rubuce. Idan gidan iyali ne, ka tambayi ko akwai wasu baƙi a gidan, domin tebur mai Amurkawa uku tebur ne na Turanci.

Ka kuma sanar da gidan abin da ba ka ci tun kafin ka iso, da sunayensa na wannan ƙasar, don cewa "ba na cin alade" ba ta wadatarwa. Mutane da yawa ba sa lissafa *jamón, chorizo, tocino, morcilla* ko *chicharrón* a cikin abin da kake nufi. Dabbar kanta *cerdo* ce a Sifaniya, *puerco* a Meksiko, *chancho* a Ajantina, Chile, Peru da Ekwado, *marrano* a Kolombiya, *coche* a bakin 'yan Gwatemala, kalmar da a Madrid take nufin mota. *Manteca* a Sifaniya da Meksiko kitsen alade ne, kuma da shi ake yawan soya wake da haɗa *tamales*, alhali a Ajantina man shanu ne. Jimlar da za ka haddace tun daga gida ita ce *no como nada de cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni nada cocinado con su grasa*, sannan ka musanya *cerdo* da sunan da garin yake amfani da shi.